Ragon da Ya Ci Tseren Kubanni

Ku 'ya'yana, kusan dukanku kun ga bidiyon nan na ragon da ke tsaye cikin kwale-kwale, domin har yau yana yawo a wayoyin mutanen Tudun Wada, kuma na san waɗanda suka tura muku shi sun haɗa muku da bayani. Wasu sun ce uwarku ta tozarta ubanku a gaban baƙi. Wasu sun ce tun daga gida muka ƙulla abin ni da Goggonku Ladi. A lokacin babu ko ɗayanku a Zariya, kowa yana wurin aikinsa ko ɗakin aurensa, duk wanda ya bugo waya kuma sai mu ce masa lafiya lau, alhali gidan saura kaɗan ya kama da wuta. Tunda yanzu na iso wannan shekarar a labarin rayuwata, bari in faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe. Mahaifinku yana da nasa bayanin, in ya ga dama ya sayi takarda ya rubuta.

Ban daɗe da ajiye aikin jinya ba a lokacin, shi kuma Malam Ishaya ya riga ni barin koyarwa. Ni ritaya ta karɓe ni. Ina da kajina, ina da zumuntar mata a coci, maƙwabta kuma ba su fasa kawo mini yaransu masu zazzaɓi ba, kowa yana kirana Sista kamar ina bakin aiki. Shi kuwa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo yana koyar da labarin ƙasa ana saurarensa, sai ya wayi gari ba shi da aji sai ni da yayarsa Goggo Ladi, wadda ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta. Goggo kuwa kun san ta, ba ta taɓa sauraren ƙanenta ba tun tana goya shi. Ya gwada kiwon kifi a bayan gida, kifin suka mutu. Ya shigo kicin zai sake mini tsarin ajiye tukwane, na kore shi. Abin da ya rage masa shi ne labarin Yawuri, inda ya fara koyarwa yana saurayi kafin aurenmu. Kun taso kuna jin labarin nan, yadda yake ƙetare kogin Kwara cikin kwale-kwale, da iskar da ta taɓa taso musu a tsakiyar ruwa, da dorinar da ke ƙara girma duk shekara.

Wata rana da damina ta yi nisa, ya dawo daga Sabon Gari a keke, ya biyo ta kan gadar Kubanni ya ga rafin ya cika. Ya shigo gida ko hula bai cire ba.

"Maman Hannatu, kin san abin da garin nan ya rasa?"

"Wutar lantarki," na ce.

"Tseren kwale-kwale."

Na ɗauka zuwa gobe zancen zai bi kifin nan, ashe ban san inda aka dosa ba. Ya kai maganar wurin amininsa Alhaji Sani mai yadi, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, shi kuma Alhaji mutum ne da in ka ce masa a je a taɓo wata, zai tambaye ka ƙarfe nawa za a tashi. Kafin mako ya zagayo sun kafa kwamiti a bencin ƙofar shagonsa, mahaifinku shugaba. Unguwa uku za su kara, Tudun Wada da Gyallesu da Hanwa. Za a yi hayar jirage daga masuntan Galma a kwaso su a tifa. Za a tashi daga wajen da masu wanki suke shanya, a gangaro zuwa inda za a ɗaura igiya kafin a kai gada. Alhaji ya sa ƙaton rago fari mai murɗaɗɗen ƙaho, kyautar wanda ya yi na ɗaya. Mahaifinku ya sa kansa a jirgin Tudun Wada, kuma a gaba. Da suka je wurin mai unguwa, tambaya ɗaya ya yi musu, in wani abu ya faru wa za a kama? Suka dubi juna, sai Alhaji ya tuna akwai tsohuwar ma'aikaciyar jinya a gidan shugaba. Haka na zama shugabar kula da lafiya ban nema ba. A tunaninsu zan zo da fanadol da bandeji in zauna a inuwa ana ba ni lemo.

Sai dai su ba su yi aiki a sashen gaggawa na asibiti ba. Ni na yi. Duk damina sai an kawo mana wanda ruwa ya ci, a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da zanen da aka ara a hanya. Yawancinsu ba ruwan kogi mai girma ba ne, rafi ne irin namu da kowa ya raina. Kuma na san wanda ake turawa ya fita ya gaya wa uwar da ke zaune a baranda, domin sau da yawa ni ce. Don haka na je bencin shagon Alhaji na ce na karɓa, amma da sharaɗi. Duk wanda zai shiga jirgi sai ya nuna mini ya iya iyo da idona. Kowa zai sa rigar da ke hana nutsewa. Za a ajiye jirgi guda da masunta a ƙasa, ba na tsere ba, na ceto. Ranar kuma in na dubi ruwa na ce bai yi ba, to bai yi ba. Suka ce sun yarda, sun yarda, domin a lokacin hankalinsu yana kan gardamar launin rigar da kowace unguwa za ta sa.

Da na dawo gida na tarar da Goggo tana tsince wake a tsakar gida, na ba ta labari. Ta ajiye faifan.

"Tsaya. Wai Ishaya ne zai shiga jirgi ya tuƙa?"

"Shi ne ma a gaba, Yaya."

"Ishayan da ya faɗa kududdufin bayan gidanmu na Wusasa, na jawo shi da kunne? Tun ranar in za a yi masa wanka sai an rage ruwan bokiti. Wa ya koya masa iyo, dorinar?"

Na zauna a kan turmi. Shekara da shekaru ina auren mutum, na haifa masa ku duka, ban taɓa tambayar kaina me ya sa duk inda aka je bakin ruwa shi ne mai riƙe wa mutane takalma ba. Na bari sai da ya ci abincin rana ya sha ruwa, sannan na tambaye shi kai tsaye. Ya gyara tabarau, ya yi irin murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya yi tambayar wauta.

"Matuƙi a cikin jirgi yake, Maman Hannatu, ba a cikin ruwa ba. Kin taɓa jin an ce sai direban jirgin sama ya iya tashi kamar shirwa kafin a ba shi aiki?"

"A Yawuri fa, wa yake tuƙawa?"

"Akwai masu wannan aikin. Amma na lura da yadda suke yi ƙwarai da gaske."

Goggo daga tsakar gida ta kwashe da dariya har wake ya zube.

Ranar gwajin iyo na je bakin rafi da kujerata. Mutanen da suka ba da suna sun fi ƙarfin jirage uku, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan kasuwa, akwai wani hedimasta. Sai ga uzuri yana ta zuwa. Wannan surukarsa ba lafiya. Wancan yana azumin nafila, yana tsoron kada ruwa ya shiga bakinsa. Wani ya aiko cewa likita ya hana shi taɓa ruwan sanyi, ya manta ni na yi masa allura a makon da ya wuce kuma na san ciwonsa basir ne. Mahaifinku kuwa maganar fansho ta taso masa a Kaduna tun da sassafe. Waɗanda suka shiga ruwa suka fito da ƙafafunsu su ne masu haƙar yashi, da wasu masu wankin mota, da wani tela ɗan Gyallesu mai iyo kamar tarwaɗa. Kwamiti ya taso mini. Suka ce su manyan unguwa suka shirya wa abin, ba za a tara kansila da mai unguwa su zo kallon masu yashi ba. Aka yi ta ja har na sassauta. Na ce wanda bai iya ba zai iya shiga, in dai kowane jirgi rabinsa gwanaye ne, kowa yana sanye da rigar ceto, kuma ruwa yana kwance ranar.

Alhaji Sani ya ce rigunan a bar masa, yana da mutum. Suka iso cikin buhu, ruwan lemo, masu sheƙi, kowace da ɗan usur a rataye. 'Yan kwamiti suka sa suka yi hoto a ƙofar shago. Ni kuwa na ɗauki guda na kawo gida, na ɗaura mata dutsen niƙa ƙarami na jefa a duron ruwa. Ta yi ɗan jim a sama kamar mai tunani, sannan ta fara shan ruwa, ta bi dutsen ƙasa. Na farke ɗinkin da reza, sai ga soson tsohuwar katifa, har da fure-furen yadin katifar a jiki. Na kira Alhaji ya leƙa duron. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai usur ɗin yana aiki. Lokaci ya ƙure, ba inda za a samo na gaske, sai na koma ga abin da na ga yaran ƙauye suna yi: jarkoki biyu marasa komai, a toshe murfin da leda a ɗaure tamau, a haɗa su da igiya mai kauri ta bi ta ƙirji da hammata. Telan Gyallesu ya gwada a rafi, ya kwanta a kan ruwa kamar yana kan gado. Mahaifinku da ya gani ya ce sam.

"Ni, tsohon mataimakin shugaban makaranta, in fito gaban ɗalibaina da jarkokin manja a hammata?"

"Sabbi ne, Malam, ba a taɓa zuba musu manja ba."

Daga baya na leƙa ɗaki na same shi ya ɗaura su ya ɗora babbar riga a kai yana duba madubi, ko za su ɓoyu. Goggo ta leƙo ta bayana ta tambaye shi ko ya fara zuwa awo.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, a Tudun Wada yayyafi kawai aka yi. Amma tun jajibere sama ta yi baƙi ta wajen Samaru, kuma duk ruwan da aka zuba a can ta ƙofarmu yake wucewa. Na isa bakin rafi na duba. Ruwan ya koma launin kunun kanwa, yana gudu yana juyi, yana ɗauke da karan dawa da rassan itace, har da wata kujerar roba da ta wuce mu ƙafafunta a sama. Dutsen da masu wanki suke buga kaya a kai babu shi, ruwa ya rufe. A gaɓa kuwa an kafa rumfuna, an jera kujeru, makaɗa suna gwada kalangu, masu tsire sun hura wuta. Mai unguwa ya zo, kansila ya zo, an gayyato Liman da Rabaran su buɗe taro da addu'a. Matuƙa sun yi layi cikin sabbin riguna, kowa da jarkokinsa rawaya kamar masu jiran ruwan famfo. Mahaifinku yana ta kai da komo da lasifika a hannu, fuskarsa tana haske irin wanda rabon da in gani tun ranar da aka yi masa bikin sallama a makaranta. Wannan fuskar ita ta fi ba ni wahala.

Na gangara wurin Malam Tanko, masuncin da ke riƙe da jirgin ceto shi da ƙanensa, na tambaye shi yadda ya gani.

"Ni zan shiga, Sista, sana'ata ce," ya ce. "Amma in jirgi uku suka kife lokaci guda, hannu biyu gare ni."

Na jawo mahaifinku bayan rumfa inda ba mai ji. Na ce masa ruwan bai yi ba, a ɗaga zuwa wani makon. Na ce jarka tana hana mutum nutsewa, ba ta hana ruwa ya maka shi da ƙafar gada. Ya ce baƙi sun zauna, an dafa shinkafa, an yi hayar tifa. Alhaji Sani ya iso ya ce haba Sista, ai har an yi addu'a, kuma iri biyu. Na tuna musu sharaɗin da suka yarda da shi, kowa ya ce bai tuna an yi wannan maganar ba. Mahaifinku ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, ya juya ya koma wajen taro ya fara sanar da cewa matuƙa su shirya.

Na tsaya ni kaɗai ina kallon bayansa. Ba ni da ɗan sanda, ba ni da iko da kowa, abin da nake da shi tebur ne da akwatin magani. Sai idona ya faɗa kan filafilai, itatuwan tuƙin nan masu faɗin baki, an tara su gaba ɗaya a gefen teburina domin kada yara su ɗauka. Goggo tana tsaye kusa da su, ta dogara da lema, domin baƙi sun cinye kujeru.

"Yaya," na ce, "ƙafarki ba ta ciwo? Ga wuri nan, ki ɗan zauna."

Ta dubi filafilan, ta dubi rafin, ta dube ni. Wallahi ba mu shirya ba, ko kalma ɗaya ba mu taɓa yi a kai ba. Ta kwance ɗan mayafinta ta shimfiɗa a kan tarin, ta zauna daram, ta miƙe ƙafafu, ta ciro ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta fara ɓarewa. Kun san jikin Goggo, Allah ya yi mata albarka ta ko'ina. Ko bakin filafili ɗaya ba a iya zarowa.

Matuƙa suka zo ɗauka suka yi cirko-cirko. Wa zai taɓa tsohuwa, yayar shugaba, a gaban Liman da Rabaran? Alhaji Sani ya durƙusa yana cewa Baba don girman Allah, ta miƙa masa gyaɗa. Mahaifinku ya iso, ya manta lasifika tana kunne a hannunsa, don haka duk taron ya ji.

"Yaya, ki tashi."

"Ka ɗaga ni."

"Yaya, mutane suna kallo."

"Su kalla. Na jawo ka da kunne sau ɗaya, yanzu ba ni da ƙarfin na biyu."

Na karɓi lasifikar daga hannunsa, bai hana ni ba don mamaki. Na ce ni ce aka ɗora wa lafiyar mutanen nan, na duba ruwa, kuma ba wanda zai shiga yau. Na ce duk wanda yake jin haushi ya zo gidana ya zage ni, ya fi mini sauƙi a kan in je gidan wani in yi wa matarsa sallama da rana tsaka. Aka yi mini ihu. Wani ya ce a karɓe abin maganar daga hannun mata. Mahaifinku kallona kawai yake yi, hasken nan duk ya tafi.

Ana cikin wannan ne aka manta da rago. Tun da farko an ɗaura masa ƙyalle ja a wuya an ɗora shi cikin jirgin Tudun Wada, domin kansila ya yi hoto da shi. Mutumin da aka bar wa igiyar jirgin ya ji rigima ta yi daɗi, ya maƙala ta a wani ɗan kara ya taho kallo. Sai muka ji wata mata ta rangaɗa guɗa. Muka juya, ga jirgi a tsakiyar rafi, ga rago a tsaye ya ɗaga kai, ƙyalle yana kaɗawa, ko gezau bai yi ba. Taron gaba ɗaya ya kwasa a guje ta gaɓa. Makaɗa suka bi shi da kalangu suna yi masa kirari. Hedimasta yana gudu jarkokinsa suna bugun juna. Ban taɓa ganin abu mai gudu a kan ruwa kamar jirgin nan ba. Ya wuce ƙarƙashin igiyar ƙarshe, mutane suka yi tsalle suna tafi, 'yan Tudun Wada suna ihun mun ci, mun ci.

A nan bidiyon da kuka gani ya ƙare, domin mai ɗauka ya yi tuntuɓe. Abin da bai ɗauka ba shi ne, jirgin bai tsaya ba. Ruwa ya juya shi a kaikaice ya maka shi da ƙafar gada, muka ji ƙara kamar an fasa ƙofa, ya kife ya tsage. Kalangu ya yi shiru. Malam Tanko da ƙanensa suka bi, suka ɓace mana a bayan gada, aka daɗe ba a gan su ba. Can sai ga su sun ɓullo ta gaɓa da ƙafa, jiƙe sharkaf, suna ɗauke da ragon kamar gawa, yana tari yana amayar da ruwa. Shi ne kaɗai majinyacin da na duba ranar. Na goge shi da tawul na sa masa aidin a gwiwa. 'Yan Tudun Wada suka ce ragon nasu ne tunda a jirginsu ya ci, 'yan Gyallesu suka ce rago ba ya cin kansa, mai unguwa ya raba gardama ya ba masuntan.

Kada ku ɗauka daga nan aka zo ana gode mini. Unguwa ta rabu biyu. Masu cewa ga shi nan, rago ma da ba shi da filafili ya kai ƙarshe lafiya, ina ga mutane masu hankali. Da masu cewa a je a dubi abin da ya rage na jirgin. Na farkon sun fi yawa, domin su suke da bidiyo. Tunda ba wanda ya mutu, ba wanda zai iya nuna wanda aka ceta. Aka sa mini suna Sista Hana-Ruwa-Gudu, har 'yan acaɓa suna kirana da shi. Kwamiti ya watse bayan an sha rigimar biyan jirgin da ya fashe. Wasu matan suka daina kawo mini yaransu. A zumuntar mata wata ta tashi ta yi dogon jawabi a kan biyayyar mace ga mijinta, ba ta kira suna ba, amma duk inda ta kai aya sai ta dube ni.

Duk wannan bai dame ni kamar shirun gida ba. Mahaifinku bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, sai dai ya daina ba da labarin Yawuri, kuma ya daina cin abincina. Na san abin da na karɓe masa. Rana ɗaya ya nema, wadda gari zai sake dubansa, ni kuma na sa yayarsa ta zauna a kanta. Da za a sake, haka zan sake yi, amma wannan bai hana ni kuka a kicin ba. Da safe ya sayi koko da ƙosai a bakin titi, da yamma ya tafi ƙofar gidan Alhaji Sani su ci tare. Hajiya Binta, matar Alhaji, ta leƙo ta katanga ta ce mini ita ba ta san irin miyar da yake so ba, ga shi yana ta ramewa. Daga ranar, kullum sai in miƙa mata kwanon miya ta kan katanga, ita kuma ta juye a nata kwanon ta aika waje. In ya dawo sai ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Goggo, da ƙarfi yadda zan ji, wai Hajiya Binta ta iya miyar kuka, akwai matan da ya kamata su je su koya. Goggo takan ce ai kuwa, ta ci gaba da abin da take yi.

Da damina ta ɗauke ruwa ya ja, sai ya fara fita da safe yana cewa maganar fansho ce, ya dawo idanu jajur yana atishawa. Ban tambaya ba. Ran nan ya tsaya a ƙofar kicin, karon farko da ya yi mini magana mai tsawo tun ranar tsere.

"Sista, ki ɗauko akwatinki. Akwai aiki."

Muka hau keke napep har bakin Galma. Malam Tanko yana zaune a kan jirginsa yana gyaran komar kamun kifi, ya gaishe ni yana ɓoye dariya. Ruwan yana kwance luf. Mahaifinku ya cire hula da tabarau ya ba ni, ya tuɓe riga, ya rage daga shi sai gajeren wando, da furfurarsa da tumbinsa. Ya shiga ruwa a hankali har ƙirji, ya yi wata gajeriyar addu'a, ya kwanta. Ba zan ce muku abin ya yi kyan gani ba, kamar ana wanke bargo ne. Amma ya tafi. Ya kai wani jirgi da ke ɗaure can ciki, ya taɓa shi, ya juyo, ya dawo yana feshin ruwa ta hanci. Ya fito yana haki ya tsaya a gabana, ruwa yana zuba daga gemunsa.

"Shugabar kula da lafiya, na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci, Malam," na ce, ina share ido da hularsa.

"To saura ke. Ki ba Tanko akwatin."

"Ni ai ban iya ba."

Ya tsaya da baki buɗe. A duk rigimar nan, daga kwamiti har 'yan acaɓa, ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye ni.

"Ba ki iya ba? Kika hana unguwa uku shiga ruwa?"

"Shi ya sa ban ba da sunana a jirgin kowa ba."

Ya fara dariya, ya yi ta yi har ya zauna a kan yashi yana tari, Malam Tanko yana buga masa baya. A keke da za mu dawo ya ba ni labarin dorinar Yawuri tun daga farko, na saurara kamar ban taɓa ji ba.

Da yamma bai fita ba. Ya wanke hannu ya zauna a tabarma kusa da Goggo, na kawo tuwo da miyar kuka na ajiye masa. Ya ci ya suɗe kwano ya nemi ƙari. Sannan ya jingina da bango, ya yi gyatsa, ya dube ni da idon rahama.

"Maman Hannatu, kin ƙara ƙwarewa. Saura kaɗan ki kamo Hajiya Binta."

Na ce na gode, zan ƙara ƙoƙari. Goggo ta tashi da sauri ta shige ɗaki, muna jin gadonta yana girgiza.